Addu'ar da Beishen Ya Shafa Kafin Nama

Beishen irin mutanen nan ne da ba sa iya gaisawa da kai su ƙyale ka. Kana miƙa masa hannu zai kama da hannu biyu, ya leƙa fuskarka, ya ce, "Ɗan gidan wa?" In ka faɗi sunan ubanka, to ka jawo wa kanka. A tsaye zai jero maka kakanninka bakwai, ya gaya maka wanda ya taɓa sayar da gurgun doki a cikinsu, da wanda ya auro mace daga Narin ta gudu da tukunyar gida. Motar da kake jira ta zo ta wuce, hannunka yana nan cikin nasa. Mu mutanen Karakol mun saba. In muna sauri muka hango doguwar farar hularsa, sai mu tsallaka titi.

Ba laifinsa ba ne, sana'a ce ta bi jiki. Shekara talatin da 'yan kai yana sanƙiran biki. Aure ne, suna ne, tarewa a sabon gida ne, shi ake kira ya riƙe lasifika ya tsara wanda zai yi jawabi bayan wani. Sanƙiran da ya kira ƙanen uba kafin wan uba, to ya gama cin abinci a garin nan, kuma Beishen bai taɓa wannan kuskuren ba. Nasa kuskuren daban ne. Duk wanda ya gama jawabi aka ɗaga kofin barasa, shi ma sai ya ɗaga, kuma ba ya ajiyewa da saura. Tun ana mayar da shi gida a kujerar gaba har aka koma shimfiɗe shi a ta baya. Ranar da ya sa wa wata amarya albarka da sunan tsohuwar matar ango, daga ranar aka daina kiransa.

Matarsa Burul ta sha wuya, wallahi ta sha. Ta kai shi wurin malamai, ta kai shi wurin likita, ta ɓoye masa takalma a tsakiyar sanyi ya fice da silifas ɗinta. Wadda ta iya da shi a ƙarshe ita ce Zinaida, wata tsohuwa 'yar Rasha da ta yi aikin girki a gidan abincin da ake yawan yin bukukuwa. Da can tare suke tattare ragowar kwalabe in baƙi sun watse. Ita ta riga shi dainawa. Ta tsince shi wata safiya a kan benci a bakin kasuwa, ta ja shi har wani ɗaki da ke ƙarƙashin wani bene, kusa da shagon mai gyaran takalmi.

A ɗakin nan mashayan da ke neman dainawa suke haɗuwa ranar Talata da Juma'a da yamma. Ba a tambayar sunan uba, ba a tambayar sana'a. Kujeru ne a zagaye, da butar shayi, da matakai goma sha biyu rataye a bango. Kowa zai ce, "Sunana wane, ni mashayi ne," ya faɗi abin da ke cinsa, sauran su saurara ba mai katse shi. Damina da sanyi guda Beishen ya yi yana jayayya da matakin farko, wai shi da ke juya ɗaruruwan baƙi da yatsa ɗaya a ce kwalba ta fi ƙarfinsa. Da ya gaji da musu ya yarda, kuma tun daga nan bai ƙara kai ta baki ba.

Da suka ga ya tsaya da ƙafarsa, sai suka ba shi aikin tarbar sababbin zuwa a ƙofa. A ganinsu, wa ya fi sanƙira iya karɓar baƙo?

Na farko da ya faɗo hannunsa wani saurayi ne da ya jawo hula har gira. Beishen ya cafke hannunsa.

"Maraba, ƙanena. Ɗan gidan wa? Tsaya, kar ka faɗa. Wannan hancin na mutanen Tup ne. Kai ba jikan Sopu mai zuma ba ne?"

Yaron ya yi tsuru-tsuru. Beishen bai lura ba, ya riƙo kafaɗarsa ya ratsa da shi tsakiyar ɗaki, ya zaunar da shi a can ƙurya, wuri mafi nisa daga ƙofa, yana fuskantar kowa. Haka ake yi wa baƙo a kowane gidan kirki. Kafin shayi ya iso yaron ya tambayi inda bayi yake, kuma har yau bai dawo daga bayin ba.

Da aka yi haka da mutum na uku, Zinaida ta tare shi wajen wanke kofuna.

"Beishen, ƙofa muka ba ka ko korar kaji?"

"Haba, eje, yayata, me na yi? Baƙo ne, na girmama shi."

"Mutum ya yi kwanaki yana zagaya benen nan kafin ya samu ƙarfin halin saukowa, yana roƙon Allah kar ya haɗu da wanda ya san shi, kai kuma ka tare shi da sunan kakansa."

"To a bakin ƙofa zan bar shi, wajen takalma? Ai nan wurin matar ɗa ne mai zuba shayi."

"Nan yake so. Sai mutum ya ga yana iya gudu sannan yake iya zama."

Ta ɗaga masa yatsu uku masu kumfar sabulu. Daga yau, in ji ta, magana uku aka yardar masa a ƙofa: sannu da zuwa, shigo, ga shayi. In ya ƙara ta huɗu, ita za ta karɓi ƙofa, shi ya karɓi soso.

Ya koma gida yana huci ya gaya wa Burul an ɗaure masa baki. Ta yi dariya har sai da ta nemi wurin zama. "Allah ya yi wa matar nan albarka," ta ce. "Tun ina amarya nake neman mai yi min wannan aikin."

Ya sha azaba, kar ku ce bai sha ba. Mutum zai sauko, Beishen ya gane kunnuwan, ya gane tafiyar, sunaye su taru masa a maƙogwaro, ya haɗiye. Sai a hanyar gida yake jero su shi kaɗai yana kaɗa kai. Amma abin mamaki, mutane suka fara zama. Wasu da rigar sanyinsu a jiki, rabin ɗuwawu a kan kujera, amma dai suna dawowa.

Da kaka, lokacin tsinkar tuffa, Talai ya zo. Likitan dabbobi ne, surukin Jumadil mai gonar tuffa a Ak-Suu. Beishen ne ya riƙe lasifika a auren iyayensa, shi ne kuma ya riƙe a nasa auren da Nurila 'yar Jumadil. Talai yana saukowa suka haɗa ido, sai ya ja birki a kan matakala, ƙafa ɗaya ta riga ta juya.

"Sannu da zuwa," in ji Beishen.

"Baike, babban yaya, ni... wani kare aka ce in zo in duba a ginin nan."

"Shigo."

"Ina ga ba nan ba ne."

"Ga shayi."

Ya zuba masa rabin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Talai ya zauna dab da ƙofa. Tun daga ranar, duk Talata da Juma'a yana nan. Wata yamma da aka watse ya tsaya yana taya Beishen jera kujeru.

"Baike, don Allah kar surukina ya ji. Nurila ta ce in na sake kurɓar ko kofi ɗaya za ta kwashe yara ta koma gidansu, kuma wannan karon ba biko. Shi kuwa tsohon, a wurinsa mai sha namiji ne, mai zuwa irin wannan wuri shi ne lalatacce. In ya ji, da kansa zai zo ya kwashe su."

"Wane suruki?" in ji Beishen. "Ni ban san ka ba. Yau na fara ganin hancinka."

Ranar Talai ya fara dariya a ɗakin.

Ba a daɗe ba Jumadil ya cika shekara saba'in, tuffa kuma ta yi albarka, sai ya yanka doki da rago, yadda ake yi a babban biki a wurinmu, ya tara jama'a a gidansa. Ya aiko wa Beishen da gayyata, ba don ya riƙe lasifika ba, don ya zauna a sahun dattawa. Rabon da a yi masa irin wannan gayyatar har ya manta. Burul ta goge masa kwat, ta share hularsa, ta ninke ledoji ta cusa a jaka saboda rabon naman da ake ba kowa ya tafi da shi. Tana tafe tana 'yar waƙa.

Da azahar aka zauna. Aka sa Beishen a can ƙurya kusa da mai gida, kowa ya san inda kan rago, rabon babban baƙo, zai nufa in an kawo. Ba wanda ya matsa masa da barasa. "Ku ƙyale aksakal, dattijonmu," ake ta cewa, "ya sha rabonsa da na jikokinsa." Shi ma yana taya su dariya, yana kurɓar shayinsa. Talai yana can ƙasa kusa da ƙofa, inda suruki ke zama, yana miƙa faranti.

Da aka ɗaga kofin farko, Talai ya ce shi zai tuƙa mota. Jumadil ya miƙa hannu ya ɗauke makullin daga kan shimfiɗa ya jefa a aljihu, ya ce yau a nan za su kwana. Da aka ɗaga na biyu, Talai ya ce yana shan magani. Wani tsoho mai haƙorin zinariya ya ce ai wannan ita ce uwar magani, aka kwashe da dariya. Ya samu ya zille wa na uku da sunan ɗauko burodi. Daga nan Jumadil ya miƙe tsaye, ya cika kofi har baki, ya taka da kansa ya sa a hannun surukinsa.

"Ɗana, na ba ka 'yata ban yi ciniki da kai ba. Yau ina cika saba'in, ka ƙi ɗaga min kofi ɗaya a gaban mutane? Ko wani laifi na yi maka?"

Ba mugunta ba ce, idon tsohon har ya kawo ruwa. Nurila ta shigo da butar shayi ta daskare a bakin ƙofa. Talai bai kalle ta ba, kofin yake kallo, kuma Beishen ya san wannan kallon sarai don ya yi shi shekara da shekaru. Hannun ya fara tashi.

Tsoro ya kama Beishen, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan kansa. In ya ce a ƙyale yaron, za a tambaye shi ina ruwansa, kuma me ya sani. In ya yi shiru, kafin ya ƙifta ido kofin ya tafi, matar da yaran sun bi shi. Ƙamshin nama yana shigowa daga tsakar gida, ko ruwan wanke hannu ba a kawo ba tukuna.

Sai ya ɗaga tafin hannayensa biyu sama, ya ce da muryar nan da ba ta buƙatar lasifika, "Jama'a, mu yi addu'a."

In mai farin gemu ya ɗaga hannu, ba mai tsayawa tambaya. Duk wanda ke riƙe da wani abu sai ya ajiye. Kofuna suka sauka ɗaya bayan ɗaya, Jumadil ya ajiye nasa, Talai ya dire nasa a bakin taga ya buɗe hannu. Beishen ya roƙa wa mai gida tsawon rai, ya roƙa wa gonarsa ruwa, ya roƙa wa jikokinsa ilimi. Har nan ba laifi. Amma bai tsaya a 'yar addu'ar da ake yi tsakanin shayi da nama ba, ya zarce cikin addu'ar tashi, wadda ake yi bayan an gama cin nama. Allah ya mayar wa mai gida abin da ya kashe ninkin-ba-ninkin, Allah ya sa abin da muka ci ya zama lafiya, Allah ya kai kowa gidansa lafiya ya iske iyalinsa lafiya. Aka ce amin aka shafa, sannan hankali ya dawo wa mutane. Wasu har sun fara yunƙurin miƙewa, don bayan wannan addu'ar ba a zama.

Jumadil ya saki baki. "Aksakal, naman fa?"

Beishen ya dafa gwiwa ya tashi. Ya nuna Talai da haɓa. "Kai yaro, wa ma sunanka? Kai mai rigar toka. Zo ka kai ni gida, cikina ya juya. Jumadil, ba shi makullinsa."

Abin da ya gama kashe masa suna a idon jama'a ke nan. A ce Beishen, wanda ya san sunan kakan kakan kowa, ya manta sunan yaron da ya yi wa sanƙiran aure? Jumadil ya ciro makullin ya miƙa ba tare da ya san ya miƙa ba. Beishen yana sa takalmi ya ji mai haƙorin zinariya yana raɗa a bayansa, raɗar da kowa ya ji, "Ya koma ruwa. Wa ya san abin da ke cikin shayin nan?" Maganar ta soke shi har cikin rai. Shekarun da ya yi yana wanke sunansa, ga shi a wuni ɗaya ya mayar da shi cikin taɓo. Bai juya ba, ya gama ɗaure igiyar takalminsa ya fita.

Bikin dai bai watse ba. Aka lallashi jama'a suka koma suka zauna, don ba a taɓa jin inda aka bar naman doki ya kwana saboda addu'a ba. Amma har yau akwai masu rantsuwa a Karakol cewa ranar sun ji warin barasa a jikin Beishen.

Suna shiga mota sai ga Burul ta fito daga ɗakin mata da gudu, ɗankwali a karkace, jaka a hammata. Ta faɗa kujerar baya kusa da mijinta, tun ba a tayar da mota ba ta fara.

"Me nake ji? Wai ka sallami mutane kafin nama? Kai da aka sa kusa da mai gida? Ni ina can ina baza haƙora ina cewa mijina ya zama mutum, ashe kana nan kana kwance min zani a kasuwa."

Sai wani tunani ya faɗo mata. Ta damƙi wuyan kwat ɗinsa ta jawo shi.

"Hura min."

Ya hura. Shayi ne da tuffa, ba komai. Ta sake cewa ya hura, ya sake. Ta sake shi a hankali, ta jingina, tana kallonsa ta gefen ido. Daga nan idonta ya sauka a kan mai tuƙi. Ana sanyi amma gumi ya jiƙe masa ƙeya, hannayensa suna rawa a kan sitiyari duk da ya damƙe shi da ƙarfi. Burul ta zauna da irin waɗannan hannayen rabin rayuwarta, ba ta buƙatar a yi mata bayani.

Da suka yi nisa Talai ya yi magana, bai waiwayo ba. "Baike, za a ce kun koma sha."

"Shekara talatin ana faɗa gaskiya ne," in ji Beishen. "Bari a faɗa sau ɗaya ƙarya, mu ji yadda take."

"Kai ka ji daɗin bakinka," in ji Burul. "Ni ce zan shiga kasuwa gobe, ni za a tare da 'ya jikin maigida.' Ga ledoji na kwaso kamar mai zuwa sari, ko ƙashi ban samo ba." Ta ja tsaki, ta gyara ɗankwali. "Ɗana, tafi a hankali, ba mai korarmu."

Da suka iso ƙofar gida Talai ya ce shi zai juya. Burul ta ce ba a gidanta ba, mutum ya ɗauko su tun daga Ak-Suu da cikinsa fayau a ce ya juya daga bakin ƙofa. Ta tasa shi gaba har ɗakin girki. Ta feraye dankali, ta yanka albasa, ta fasa ƙwai a kai, tana yi tana mita a kan dokin da wasu ke can suna ci. Wayar Talai ta yi ƙara, ya duba ya ga Nurila ce, ya fita tsakar gida. Ta taga suka ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana maimaita magana ɗaya, "Ban sha ba. Wallahi ban sha ba." Beishen ya ɗauki wuƙa ya hau yanka burodin da an riga an yanka.

Talai ya dawo idonsa jawur ya zauna. Burul ta tura masa faranti ta cika shi. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya sunkuyar da kai.

"Inna, abin da ya faru yau, ni ne..."

"Ban tambaye ka ba, ɗana. Ci kafin ya huce."

Beishen ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa alamar jawabi na tafe.

"Kai ma ban tambaye ka ba," in ji Burul, ta ƙara masa dankali.